Tangaran a Ƙarƙashin Turmi

Shekarun baya can, lokacin da ake yaƙin duniya kuma jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa daga Jidda, na yi wani aiki da hannuna wanda har yau in na tuna sai na gyara zama. Abin da ya tono mini shi, jikata ce ta kawo mini wani hoto kwanan nan. Wai bango ne a wani babban gida a ƙasar Japan, an cika shi da furannin tangaran farare da shuɗaye, sun taso daga jikin bangon kamar mutum ya miƙa hannu ya tsinka. Ta ce masu fasahar can ne suke yin irinsa yanzu, mutane na tururuwa su kalla. Na karɓa na kai kusa da ido, na ce madalla, sun iya ƙwarai, amma ta nemi wuri ta zauna, don kakarta ta riga su taɓa wannan sana'a, kuma da tangaran ɗinsu ta yi.

A lokacin muna zaune a Hindawiyya, can bakin garin Makka, inda gidajenmu na Takari suke, rabi dutse rabi gwangwanin kananzir da aka baje aka yi bango da shi. A gidan akwai mahaifiyata, da ni da mai gidana, da ƙanwata, autarmu. Mahaifinmu bai iso Makka ba, a ƙasar Sudan Allah ya karɓi abinsa. Sana'armu daka. Matan birni ba sa son taɓarya, to mu muke daka musu alkama da gero da kayan yaji da lalle, a kawo da safe a karɓa da yamma. Ni ce ƙarfin gidan. Allah bai ba ni kyau irin na ƙanwata ba, amma ya ba ni damtse, in na saki taɓarya a turmi har maƙwabtan bayan gida sun san na tashi lafiya. Ina kuma alfahari da hakan, ba na ɓoyewa.

Mahaifiyata tana da wani ciwo a zuciya da kowa a gidan ya sani. Ta baro ƙauyenmu na ƙasar Kano da kayan ɗakinta cif, tasoshi da kwanoni waɗanda uwarta ta jera mata. Hanya ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, wannan a sayar a Barno a ci abinci, wancan a bayar a Wadai a haye da mu. Da aka zo aurena a wani zango a Sudan, babu abin da aka shiga da shi ɗakina sai tabarma da tukunya guda. Ba a yi mini jere ba, ba a yi guɗa a bakin ƙofata ba. Ni na nuna ban damu ba, har na saba da nunawar. Ita kuwa ba ta taɓa yafe wa kanta ba, ta yi rantsuwa cewa autarta ba za ta shiga ɗaki bango tsirara ba.

Kafin yaƙi kasuwar Makka cike take da kayan Japan, mu a nan Yaban muke cewa. Farantai da finjalai na tangaran, sirara, in ka ɗaga su a rana kana hango inuwar yatsunka ta ciki. Wasu an zana musu dutse mai farin kai, wasu gada shuɗiya a kan ruwa, wasu furanni ja-ja da bakin zinariya, wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu. Duk shekara in alhazai sun watse, Inna za ta ɗaure abin da ta tara a bakin zane ta tafi kasuwa, ta dawo da ɗaya ko biyu. Za ta nuna mana, mu shafa, mu yaba, washegari mu neme su mu rasa. In muka tambaya sai ta ce suna inda ɓarawo ba zai taɓa kaiwa ba. Ba ta gaya mana wurin ba, amma ta gaya wa duk matan Hindawiyya abin da ta tara. A wurin suna, a wurin gaisuwar mutuwa, a layin ɗibar ruwa, zancen kenan: ranar jeren auta za a ga tangaran ɗin Yaban.

To, ranar ta matso. Wani tela mai hankali ya nemi ƙanwata, ita ma tana son sa, in an ambace shi sai ta rasa inda za ta sa idonta. Danginsa mutanenmu ne, amma kakanninsu suka zo, gidansu na dutse ne a unguwar Misfala, yaransu Larabci ya fi musu Hausa sauƙi a baki. Uwar angon, Hajiya, mace ce mai tsabta da iya girki da kaifin harshe. Ranar da aka sa rana ta dubi bangonmu na gwangwani ta ce kada mu wahalar da kanmu, ko tabarma muka kawo ta isa, ai an san halin baƙi. Da murmushi ta faɗa, amma duk wanda ke wurin ya ji inda maganar ta sauka. Inna ta gyara mayafi ta ce Hajiya dai ta sa a share bango, kaya na nan tafe.

Da biki ya rage 'yan kwanaki, wata safiya Inna ta rufe ƙofar gida ta ce in kawar da turmi. Babban turminmu na tsakar gida, wanda yake wuri ɗaya tun ranar da muka tare, har ya yi wa kansa gurbi a ƙasa. Na kawar. Ta miƙo mini fartanya ta ce in tona. Tun kafin in sara na gane inda aka dosa, amma na tona. Ban yi nisa ba na ci karo da akwatin katako an naɗe shi da tsummoki. Da muka ɗago shi ni da ƙanwata, sai muka ji yana kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a ƙwarya.

Muka buɗe. Wayyo Allah. Abin da ta tara shekara da shekaru ya koma gutsattsari, wasu kamar tafin hannu, wasu kamar farce. Inna ta durƙusa tana ɗagowa tana mayarwa, tana magana ita kaɗai. Wai haka uwarta take yi a gida, in ana tsoron mahara sai a binne tasoshi a ɗora turmi a kai, don ɓarawo ba ya tona inda ake daka, kuma kullum akwai mutum a wurin. Wai ba a taɓa asarar ko ɗaya ba. Ƙanwata ta ce a hankali, “Inna, ai tasa ba ta fashewa.” Ni kuwa na tsaya ina kallon damtsena. Duk luguden da nake yi ina taƙama, ashe a kan gadar Yaban da dutsensu nake sauke shi. Ashe in ta mirgine turmin ta buɗe ramin ta ƙara sabo, a kan tsummokin sama take ɗorawa ta rufe da sauri kafin mu dawo daga ɗibar ruwa, ba ta taɓa leƙa na ƙasa ba.

Daga ranar Inna ta kwanta ta juya fuska ga bango. Ba ta cin abinci sai ruwa. Ta ce a je a gaya wa mutanen Misfala su ɗaga biki, in kuma ba za su ɗaga ba, a yi ba da ita ba, don ba ta da fuskar da za ta kalli Hajiya da matan da ta cika wa kunne. Ƙanwata ta yi kuka ta ce ita ba ta son kome, tabarmar ma ta isa, wannan maganar kuwa ita ta ƙara kwantar da Inna. Mai gidana ya zaga kasuwa lungu-lungu. Babu. Tun da aka fara yaƙi ko finjali ɗaya bai sake shigowa daga Yaban ba, masu shi kuma sun ƙulle a kabad. Na ji tsoro na gaske, don na taɓa ganin baƙin ciki ya ɗauke tsohuwa mai lafiya, kuma na ga Inna ta kama wannan hanya.

Ni aka bar wa zubar da gutsattsarin. Na juye su a babbar ƙwarya na ɗauka zan kai juji. A bakin ƙofa rana ta faɗa a kansu, shuɗi da ja da zinariya suka tashi mini a ido, na kasa ɗaga ƙafa. Na dawo ciki na zauna ina wanke su ɗaya-ɗaya, ban ma san dalili ba. A cikin wankin ne, can tsakiyar wani ƙullin tsumma, na tsinci ƙaramin faranti lafiya lau, ko tsagewa babu, mai dutsen nan mai farin kai. A cikin wankin kuma na tuna mahaifina. Magini ne a gida. Na taso ina kallon yadda yake tayar da zane a fuskar soro da yatsunsa, laka ta kumburo ta yi dagi ta yi reshe, in ya gama ɗaki kuma ya manna faranti a tsakiyar rufi. Na tuna matan ƙauyenmu in suna daɓe, yadda suke jera tsingaro a bakin ƙofa su buga shi ya zauna. Na ce a raina, in Inna ta yi alkawarin za a ga tangaran a bango, ai ba ta ce a kan kantar jere za a gan shi ba.

Gwajin farko a bangon madafa na yi, da laka irin ta gida. Ƙasar Makka ba ta san wannan zumunci ba, rairayi ce, kafin la'asar duk abin da na manna ya zubo a cikin toka. Mai gidana, wanda yake aikin lebura a wurin magina, ya dawo ya tarar da ni ina zagin bango. Ya yi dariya har da riƙe ciki, na ce in ya gama ya gaya mini, akwai taɓarya kusa. Washegari sai ga shi da buhun nura, farar ƙasar nan da ake toyawa a yi shafe da ita, ya nuna mini yadda ake jiƙa ta ta huce, a haɗa da rairayi mai laushi da ɗan toka. Ya ce in shafa mai a hannu don tana ci. Ban ji ba, na ce hannun da ya saba da taɓarya ba ya tsoron farar ƙasa. Kafin yamma yatsuna sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Amma abin da na manna ya zauna daram, na ja da ƙarfina bai motsa ba.

Saura babban aiki, wato Hajiya, don ɗakin amarya a gidanta yake. Na yi wanka na sa mayafina mai kyau na tafi Misfala, na gaishe ta har ƙasa, na gaya mata gaskiyar abin da ya faru ban rage kome ba. Na ga dariya ta taso mata ta danne. Da na faɗi abin da nake so in yi kuwa, sai fuskarta ta canza.

“Fasasshe a ɗakin amarya? Aib, ya binti, abin kunya ne, 'yata. Fatan me kuke yi wa ɗana?”

Allah ya sani na ji zafi har cikin kunnena, kuma ni ba a san ni da haɗiye magana ba. Amma na tuna Inna kwance, na haɗiye. Na ce, “Hajiya, bango ɗaya nake roƙo. Ke za ki fara gani kafin kowa. In bai yi miki ba, da hannuna zan kankare in shafe shi fari, ba wanda zai san an yi.”

Ta juya finjalin gahawarta. Sai ta ce ta ji an ce akwai tsuntsaye a jikin kayan, ita kuwa ba a sa mata hoton mai rai a gida inda ake salla. Na ce ta kwantar da hankalinta, turmi ya riga ya yanke wa kowane tsuntsu kai. Nan dariyar da take dannewa ta ƙwace mata. Ta ce tayyib, in je in yi, kuma na san a ranta so take ta ga inda ƙarfin halina zai kai ni.

Kullum da sassafe nake ɗaukar ƙwaryata in tafi, sai rana ta yi sanyi in dawo. Na fara da rarraba su a kan tabarma, shuɗi gefe, ja gefe, masu bakin zinariya gefe, farare tas su ma gefe. Kowane guntu sai na goga bakinsa a dutse ya daina yanka, don ɗaki ne da za a haifi yara a ciki. Sannan na tayar da zanen da nura kamar yadda na ga Baba yana yi, babban dagi a tsakiya, rassa suna fita daga jikinsa suna hawa sama. Farare na shimfiɗa su kwance a ƙasan zanen. Shuɗaye suka bi jikin dagin. Abin da ban shirya ba, shi ya fi kyau: gutsattsarin bakin faranti a lanƙwashe suke, sun ƙi kwanciya, na yi ta fama da su ina tsaki, sai na gaji na soka ɗaya a tsaye. Na soka wani kusa da shi, na ƙara wani. Na ja da baya na duba, sai ga fure ya buɗe a jikin bango, yana da inuwarsa. Na zauna a ƙasa ni kaɗai ina dariya kamar wadda ta zautu. Daga nan duk bakin zinariya ya zama fure, gindin finjalai ya zama ƙunshin da bai buɗe ba.

A tsakiyar dagin na bar gurbi zagayayye don farantin nan da ya tsira. Na kai wa Inna shi har shimfiɗa, ina tsammanin in ta gan shi lafiya za ta tashi. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, sai ta tura shi ƙarƙashin matashinta ta sake juya mini baya. Na ce ta ba ni, na bar masa wuri a bango. Ta ce ba za ta bayar ba. Na roƙa, na yi faɗa, na ce mata yatsuna sun mutu a kan fitar da ita kunya, ita kuma tana yi mini rowar faranti ɗaya. Na fita ina huci, na ce lallai baƙin ciki ya taɓa mata hankali. Gurbin nan sai da ragowar finjalai na cike shi, na yi masa babban fure, ina yi ina ƙunƙuni.

Ranar jere da hantsi na rufe bangon da zanen gado na kira Hajiya ita kaɗai. Wuƙar kankare bango tana cikin ƙwaryata, don na yi alkawari. Ɗakin yana da 'yar taga ta gabas, rana ta shigo daidai. Na janye zanen. Hajiya ta tsaya. Ta matsa kusa, ta koma baya, ta sake matsawa ta sa yatsa ta taɓa bakin fure ɗaya ta ga ko zai yanke ta. Ni kuwa har na fara laluben wuƙar.

“Rufe,” in ji ta. “Rufe shi maza. Kada wadda ta gani sai sun taru, ni zan buɗe da kaina.”

Ban san lokacin da na iso Hindawiyya ba. Na tarar da Inna yadda na bar ta. Na ce ta tashi, ta ce ba inda za ta. Na ce, “Inna, kin san ƙarfina. Ko ki taka da ƙafarki, ko in goya ki in ratsa kasuwa da ke, ki zaɓa.” Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba. Ta tashi tana faɗin ta haifi 'ya ta zame mata jarraba, ta lulluɓe har ido, muka tafi tana jan ƙafa. Da muka isa ta raɓe a bakin ƙofar ɗakin, bayan mata, kamar wadda ta zo roƙon wuta.

Ɗaki ya cika, matan Misfala da na Hindawiyya, kuma labarin turmi ya riga ya zaga, na ga masu taɓa juna suna kallon kantar da babu kome a kai sai kwanoni biyu na aro. Hajiya ta ratsa ta tsakiya da ƙasaitarta ta fizge zanen. Sai wata tsohuwa daga baya ta saki guɗa, wata ta karɓa, ɗaki ya ɗauka, masu Larabci na ta mashallah, masu Hausa na ta salati. Ni dai idona na kan Inna. Ta sauke mayafi daga fuska. Ta taso a hankali, mata suna buɗa mata hanya, har ta kai jikin bangon. Ta sa hannu a kan wani shuɗin guntu ta ce wannan gadar ce, shekarar da ta yi wa alhazan Jawa wanki ta saye ta. Ta taɓa wani ja ta ce wannan shekarar da ta yi zazzaɓi ne ba ta fasa daka ba. Haka ta bi su tana kiran kowanne da shekararsa, hawaye na zuba ba ta share ba, kuma babu guntun da ta rasa gane shi.

Wata baƙuwa daga dangin ango, wadda ba ta ji labari ba, ta tambaya da Hausarta mai karkata wai a ina ake samun tangaran ƙanana haka. Inna ta juyo, ta ɗaga kai yadda ta saba yi a layin ruwa, ta ce, “Ba a samu. Shekaru muka yi muna daka shi.” Ɗaki ya kwashe da dariya, har Hajiya sai da ta dafa bango. A wurin Inna ta ce yunwa take ji, aka kawo mata shinkafa ta cinye tas ta nemi ƙari. Ƙanwata ta rungume ni tana kuka tana cewa Yaya, Yaya, ta kasa ƙarasawa, na ce ta sake ni kada ta ɓata kwallinta.

Bayan biki da 'yan kwanaki muna daka sai muka ji sallama. Hajiya ce da kanta, wadda ba ta taka Hindawiyya sai dole, da kwando a hannu. Ta zauna aka gaisa, ta buɗe kwandon, cike da fasassun farantai. Wai kyanwa ce ta hau kabad ta turo su, to da a zubar, ta ce ko zan duba bangon ɗakinta. Na ɗauki guntu ɗaya na juya. Bakinsa fari sol, sabuwar karaya, kuma duk girmansu kusan ɗaya, an ma ware masu bakin zinariya gefe. Na ce lallai kyanwar Hajiya ta iya aiki, ta san daidai girman da nake so. Ta harare ni ta ce in ji da aikina. Inna ta shige ɗaki da sauri, muna jin ta tana dariya a cikin matashi.

Da Hajiya ta tafi, Inna ta kira ni ciki. Ta sa hannu ƙarƙashin matashin ta ciro farantin nan mai dutse, ta goge shi da bakin zanenta. Ta kama hannuna, yatsun duk sun yi ɓawo, ta ɗora mini shi a tafi.

“Ke ban jera miki kome ba,” ta ce. “Auta ta samu bango guda. Wannan naki ne, shi ya sa na hana.”

Ni da nake cewa ban damu ba, ni da ko a mutuwar Baba sai da na ɓuya na yi kuka, na durƙushe a gabanta na yi ta rusa kuka kamar yarinya, har mai gidana ya leƙo ya ga ko wani abu ya faru. Inna ta fita tsakar gida, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakina na gwangwani, ta saki guɗar da ba ta yi mini a Sudan ba. Maƙwabta suka fito suna tambaya wa aka aurar.

Na yi wa Hajiya bangonta, na yi wa wasu bayanta, har aka san ni da shi a Misfala, kuma kyanwoyi sun yi ɓarna sosai a shekarun nan. Gidajen duk babu su yanzu, an rushe an yi manyan benaye, ko wurin ba zan iya nunawa ba. Ba na baƙin ciki, wallahi. Ƙanwata ta haifi 'ya'yanta duka a ƙarƙashin furannin nan, ba wanda ya taɓa yankewa, aurenta kuma ya kai su tsufa tare, don haka maganar fatan tsiya ta mutu da kanta. Abin da ya zauna mini shi ne, da na kai ƙwaryar nan juji ranar, da Inna ta tafi kabari tana ganin ta gaza mana sau biyu. Ta rayu shekaru bayan haka tana ba da labarin turmi a kowane taro, kuma a bakinta, dabarar tata ce tun farko.

Da na gama ba jikata labari, na mayar mata da hotonta na ce ta gaishe mini da mutanen Yaban, aikinsu ya fi nawa laushi nesa ba kusa ba, amma su tangaran ɗinsu sabo suke toyawa, ba su san daɗin wanda aka daka ba. Sannan na aike ta ta buɗe kabad ta ɗauko farantin. Yana nan, zinariyar bakinsa ta koɗe, dutsen da farin kansa. Na ce mata in na mutu nata ne, ranar jerenta a sa shi. Amma ta ajiye shi a sama inda ido zai gan shi, kada ta kuskura ta ɓoye shi a ƙarƙashin kome.